Kicin Ɗin da Ya Ƙi Tashi

Lauterstetten,
Agusta, 1996.

Zuwa ga uwargida ran gida, Frauke tawa,

Gaisuwa mai yawa tare da so da begen ganin fuskarki. Ina fata kina lafiya, ke da 'yarmu Insa, kamar yadda nake nan lafiya lau in ban da kewarku. Yaya Emden, yaya iskar teku? Ki gaishe mini da Mama, ki ce mata kullum ina roƙon Allah ya ƙara mata haƙurin rashin Baba.

Tunda kin ce a waya ba na jin maganar kowa sai tawa, in ina da zance in rubuta, to ga shi na ɗauki biro. A tsaye nake rubutun a bakin taga, don gidan ba tebur. Kada ki ce da ma ko da tebur ba zama zan yi ba, na ji ki tun daga nan.

Gidan ya yi, wallahi ya yi. Hawa na biyu ne, ɗaki uku, kuma daga wanda na ware wa Insa ana hango fitilun filin wasa. Wurin kicin kuwa yadda kika san gidan haya: wanda ya tashi ya kwance nasa ya yi gaba, ko ƙwan fitila bai bari ba. Bango ne fari fat, sai bututun ruwa biyu da suka leƙo, da wayar wuta tana reto. Jiya sabon abokin wasana Lotfi, ɗan Tunisiya da aka sayo don ya riƙa ci mana ƙwallo, ya taya ni shigo da kaya. Yana ganin bangon ya dafe kai ya ce, "Tsoho, ɓarayi sun yashe ka!" Na ce masa ba sata ba ce, haka muke, kowa da kicin ɗinsa yake tashi. Ya ce, "Kai, ku Jamusawa! Da ƙasa tana naɗuwa da kun naɗe ta kun tafi da ita." Na yi dariya har da hawaye.

Na gwada bangon. Bai kai na Emden ba, amma da kaɗan ne. A ɗan rage katakon saman, a cire ƙaramin kabad ɗin kofuna, shi ke nan kicin ɗinmu ya shiga. Mai gidan, wata tsohuwa da ake kira Iya Haberle, ta ce akwai kafinta a layinmu da hannunsa yake da kyau. Tunda mahaifinki Baba Onno da ya saba kwance mana shi ya mayar ya riga mu gidan gaskiya, sai mu nemi wani, ai kafinta kafinta ne.

Ita wannan Iya Haberle sai kin zo kin gan ta. Ban gama ajiye jaka ba ta rataya mini allo a ƙofa, wai makon sharar matakala ya faɗo kaina. Na share, ta bi bayana tana shafa ƙarfen da yatsa, ta ɗaga mini yatsan a hanci ta ce, "Ɗan nan, haka kake tsaron bayan naku a fili?" Na tare manyan 'yan gaba a ƙasar nan gabana bai faɗi ba, amma in na ji takun tsohuwar nan sai in gyara tsayuwa.

Yanzu ga babbar magana. Na zauna da Manaja Schaible na faɗa masa gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Na ce sau uku ina hawar da kulob daga rukuni na biyu zuwa babban rukuni, sau ukun kuma ana sallamata a bakin ƙofa, wai ƙafata ba ta can ba ce. 'Yan jarida har suna suka laƙaba mini, Tsani: a taka ka a hau, a bar ka jingine da bango. Shekarata talatin da uku, ban taɓa buga ko wasa ɗaya a sama ba. Mutumin nan ya kama hannuna ya ce, "Oltmanns, in muka hau, da kai za mu hau." Na dubi idonsa, Frauke, ban ga ƙarya ba.

Na san kin ce kin gaji da tashi. Wannan ne na ƙarshe. I, na san na taɓa faɗin haka, amma wannan daban ne. Ki fara tattara kwalaye, hutun makaranta na kaka ya yi daidai da tahowarku.

Ki sumbaci Insa a madadina. Ki huta lafiya.

Naki har kullum,
mijinki Gerrit.

Lauterstetten,
Oktoba, 1996.

Zuwa ga matata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata wasiƙar nan za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Yaya tarin Insa, ya sake ta? Yaya Mama da sanyin nan da ya fara shigowa?

Amsarki ta iso. Gajeriya ce, amma ta yi nauyi. A ɗakin sa kaya na karanta ta kafin atisaye, ranar kuwa koci ya yi ta yi mini ihu, wai ƙwallo tana gabas ina yamma. Kin ce kafinta ba kafinta ba ne. Gaskiyarki. Bakina ne ya riga hankalina, kamar yadda ya saba. Na san da hannunsa Baba ya yi mana kicin ɗin nan kyautar aure. Na san duk garin da aka sayar da ni sai ya taso da tsohuwar motarsa da akwatin kayan aikinsa, yana ɗaure noti yana mita, "Kai surukin nan, ƙaya ce a kujerarka?" Kuma na san na Emden shi ne aikinsa na ƙarshe, hannunsa na rawa, ya hana kowa ya taya shi. Na janye maganata. Amma roƙona, Frauke, ban janye ba.

Hutun makaranta ya zo ya wuce ban gan ku ba. Na riga na share ɗakin Insa, na sayo labule mai hoton jiragen ruwa. Iya Haberle ta ga labulen ta ce, "Ɗan nan, matar taka kuwa akwai ta, ko a jarida ka gan ta?" Na ɗauko hotonki na nuna mata. Ta gyara tabarau ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Kyakkyawa ce. Amma wannan ba ta yi kama da mai tahowa ba." Bakin tsohuwar nan ba linzami. Haushi ya hana ni cin abinci ranar.

Maganar abinci kuwa, a shagon wani Baturke nake ci a bakin tasha, a tsaye. Kofina a banɗaki nake wanke shi. Lotfi ya kawo mini ɗan risho na lantarki, ya ce ko ruwan shayi in riƙa dafawa, na ce ya mayar da abinsa. Ya ce, "Tsoho, taurin kanka ya fi na jakin kakana." Ban iya yi masa bayani ba, amma ke zan yi miki. Ranar da na kunna wuta a gidan nan ba a kicin ɗinki ba, ranar na yarda ba za ki zo ba. Gara in yi ta cin burodi da cuku har haƙorana su gaji.

A fili kuwa sai godiya. Mu ne na uku. Ranar Asabar na ci ƙwallo da ka daga bugun kusurwa, na fasa gira, an yi mini ɗinki, ban ma san jini na zuba ba sai da alƙalin wasa ya kore ni gefe. Da kin ji yadda filin ya ɗauki sunana! Na waiga wajen kujerun matan 'yan wasa, don na saba.

Litinin ce azabata, ranar hutu. Na zagaye garin nan har karnukansa sun daina yi mini haushi. In hau tudu, in sauko, in shiga shagon da ba abin da zan saya, ƙarshe dai sai in tsinci kaina a tashar jirgin ƙasa ina karanta allon tafiye-tafiye. Ba inda za ni. Kallon sunayen garuruwan kawai yake ɗan kwantar mini da hankali.

Ki rubuto, ko faɗa ne. Ki gaishe da kowa da kowa.

Mijinki mai kewarki,
Gerrit.

Lauterstetten,
Janairu, 1997.

Zuwa ga Frauke tawa,

Gaisuwa da fatan kun shiga sabuwar shekara lafiya. Yaya Insa da komawa makaranta? Yaya sabon aikinki a kemis, ƙafa ba ta ciwo da tsayuwa? Na iso lafiya, na tarar da ƙanƙara ta rufe garin, Iya Haberle kuma tana jirana da shebur.

Kin yi mini tambaya a bakin ƙofa ban amsa ba, na ce jirgi zai tafi ya bar ni. Da sauran lokaci, ke ma kin sani. To ga amsar, amma bari in fara da maganar tef ɗin awo.

I, na auna kabad ɗin. Ba zan musa ba tunda kin kama ni a durƙushe ranar Kirsimeti, kowa yana falo yana cin kek. Na zaci za ki yi ihu, da ma kin yi da ya fi mini sauƙi. Sai kika dafa katakon kika ce, "Gerrit, ranar da Baba ya kawo wannan, mu biyu muke aiki a kansa ba mu gogi juna ba. An rage shi a wannan gari, an rage shi a wancan, yau in na ajiye tukunya ba inda zan yanka albasa. Ni ma haka ake rage ni." Tun a jirgi maganar nan take bina. Na shiga wannan tarago na fita, na shiga wancan, tana nan.

Na ga abin da kike nufi, ba makaho ba ne ni. Na ga Insa da ƙawarta, karo na farko a rayuwarta da ta shekara biyu da ƙawa ɗaya. Na ga yadda kike fita da safe fuskarki a sake. Gidan ya tsaru, Frauke, kuma abin da ya tsorata ni ke nan, don ya tsaru ba tare da ni ba. Na tashi neman kofi, sai 'yata ta kama hannuna ta nuna mini inda ake ajiyewa, kamar yadda ake yi wa baƙo.

Na kuma san ba banza kika gayyato Malam Tammo shan shayi ba. Mutanenku sai an kai kofi na uku ake shiga magana, ni kuwa ƙafata tana ta rawa a ƙarƙashin tebur har cokula suna ƙara, Mama tana harara ta. Abin da ya kawo ba laifi: in horar da ɗan kulob ɗinsu na gari, ga aiki a ofishin tashar jiragen ruwa, in riƙa kwana a gidana. Mutumin kirki ne. Na ce masa zan yi tunani, ya ce, "Yi tunaninka, teku ba ta gudu."

Yanzu tambayarki: me nake nema a can wanda ban samu ba? Ba kuɗi ba ne, ba kuma suna ba. So nake in sani. Manajoji uku masu ɗaure taye a wuya sun dube ni sun ce ban isa ba, kuma ba wanda ya bar ni na gwada. Wataƙila gaskiyarsu ne. Wataƙila yaro ɗan shekara ashirin zai wuce ni kamar na tsaya sayen gyaɗa, filin duka ya yi mini dariya. To in gani da idona. In na ajiye takalmi yanzu, zan zama tsohon nan da ke zama gaban talabijin ranar Asabar yana cewa da ni ne da na tare. Ba za ki so zama da wannan mutumin ba, ni ma ba zan so ba.

Kifi ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne. Na san za ki ce ai kifi ba shi da 'ya a aji uku.

Ki ba ni zuwa ƙarshen kakar wasa. Ki gaishe da Mama, ki ce ta yafe mini cokulanta.

Naki,
mijinki Gerrit.

Lauterstetten,
Afrilu, 1997.

Zuwa ga uwargidana Frauke,

Ina gaishe ki gaisuwar so da girmamawa, da fatan kuna lafiya ke da Insa da Mama. Na ga zanen da Insa ta aiko, na manna shi a bangon kicin tunda wurin a buɗe yake. Ki ce mata kan da ta zana mini ya yi girma, amma 'yan kulob sun ce daidai ne.

Mu ne na biyu yanzu. Garin nan ya haukace. Mai burodi ya daina karɓar kuɗina, direban bas yana yi mini hon, har Iya Haberle ta fara sauraron wasa a rediyo, ko da yake ta ce don ta ji ranar da zan karye ne ta san za a bar mata matakala ba shara. Gwiwata ta hagu tana kumbura bayan kowane wasa. Likitan kulob yana zuƙe ruwan, ni kuma ina yi masa rantsuwa ba na jin komai. Kada ki gaya wa kowa.

Ana wata ga wata. Tsohon da ƙofarsa ke kallon tawa, Malam Eugen, 'ya'yansa za su ɗauke shi ya koma wajensu, kuma ba sa son kicin ɗinsa. Iya Haberle ta tsare ni a matakala da tsintsiya a hannu ta ce, "Ɗakinsa da naka awo ɗaya ne. Ka saya, a tsallako maka da shi, ka daina wanke kofi inda kake wanke ƙafa. Abin kunya, ƙato da kai!" Na ce mata ina da kicin, yana Emden. Ta ce, "Ni ma ina da miji, yana maƙabarta." Na wuce abina. Ta sa an kulle shi a ɗakin ajiya na ƙasa, wai ba ta gaggawa.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne furanni. Kin san abin. Wasan gida na ƙarshe, kafin a busa usur, a fito da ɗan tebur tsakiyar fili, a kira sunayen waɗanda aka gama da su, a miƙa wa kowa damin furanni da hotonsa a firam, jama'a su yi tafi. Sau uku ina tsayawa a layin nan ina murmushin dole, ranar da kowa ke murnar hawa. Kin tuna na ƙarshen? A bokitin wanki kika zuba su, don tulunan furanni sun riga sun shiga kwali. Yanzu ko shagon mai furanni na hango sai in tsallaka titi. Manaja Schaible yana gaishe ni da fara'a, amma ai waɗancan ma da fara'a suke gaishe ni. In ya yi dariya in ce ya gama da ni ne, in ya ɗaure fuska in ce ya gama da ni ne. Lotfi ya ce in na ci gaba da zagaye ɗakin sa kaya haka zai ɗaure ni da igiyar takalmi a benci.

Ga shawarata, ki duba ta da idon rahama. In aka ba ni furanni, na rantse zan hau jirgi da su a hannu in zo in zauna, in karɓi aikin Malam Tammo, ba za ki ƙara jin kalmar kwantiragi a bakina ba. In kuwa ba a ba ni ba, ke ki zo. Ni da kaina zan kwance notin nan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, in nannaɗe kowane katako da bargo. Na aiko muku da tikiti biyu na wasan ƙarshe. Ku zo mu ga hukuncin tare.

Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki mai jiran amsa,
Gerrit.

Lauterstetten,
Yuni, 1997.

Zuwa ga matata Frauke,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kuna lafiya. Yaya Insa, ta ga babanta a talabijin kuwa?

Ba a ba ni furanni ba.

Mun fito daga ɗakin sa kaya, filin ya cika ya batse, ni kuwa ba abin da nake gani sai ɗan teburin nan. Mai sanarwa ya fara kiran suna. Ya kira golanmu na biyu. Ya kira wani da ya karye tun farkon kakar wasa. Sai ya ce Lotfi. Lotfi fa, wanda rabin ƙwallayenmu shi ya ci! Ya fita ya karɓa yana murmushin nan da na sani sarai, ya dawo ya tsaya kusa da ni ya ce a hankali, "Tsoho, yau ni ne tsanin. Riƙe mini, kai ka saba." Teburin ya zama wayam, aka ɗauke shi. Ban san ko murna zan yi ko kuka ba. Kuma duk da haka mutumin nan shi ya ci mana ƙwallon da ta hawar da mu.

Abin da ya biyo baya kin san irinsa. Jama'a suka ɓarke cikin fili, aka yage mini riga, aka yi mini wanka da giya, wasu ƙarti suka ɗora ni a kafaɗa. Daga can sama na nemi kujerun nan biyu. Ba kowa a kansu. Na yi ta dubawa ko kun canza wuri, har suka sauke ni.

Ranar Litinin Manaja Schaible ya kira ni ofis ya ajiye takarda a gabana: shekara biyu, a babban rukuni. Ya ce, "Na ce maka da kai za mu hau." Ya miƙo biro. Abin da na yi shekaru ina bi gari-gari ga shi a kan tebur, sai na ji bakina yana cewa a ba ni lokaci. Ya dube ni kamar na zare, ya ce ya ba ni zuwa ranar da za a koma atisaye.

Dalili kuwa, wasiƙarki tana aljihuna tun ranar Juma'a. Kin ce shawarar tawa ni kaɗai na yanke ta, ba ki taɓa cewa kin yarda ba. Haka ne. Kin ce ko an ba ni furanni ko ba a ba ni ba, ba za ki tashi ba, kuma kin gaji da auren wasiƙa. Ƙofa a buɗe take in zan shigo in zauna, in kuwa na sa hannu, to mu daina yaudarar juna da yarinyar nan. Ba zagi a ciki, ba gori, har kin ce kina yi mini addu'ar mu ci wasan. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Frauke, shekara biyu ce fa! Mun yi sha biyu muna yawo, biyu ce za ta gagare mu? Ki bar kicin ɗin inda yake, mu rufe gidan, ku zo haka nan. A'a, na san abin da za ki ce, ba katakon ba ne. Na sani. To ni in riƙa zuwa duk Litinin. Na lissafa jiragen, zan iso da yamma in juyo da asuba. Wannan ma na san amsarsa. Duk ta inda na ɓullo sai in tarar kin riga ni tsayawa a wurin, kin fi kowane ɗan baya da na taɓa gani.

Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Garin nan kowa yana rungumata, ni kuwa ina zagaye ɗaki uku ba kowa a ciki. Iya Haberle ta buga silin ɗinta da sandar tsintsiya, wai takuna ya hana ta jin labarai.

Ina son ki. Ban taɓa son wata ba. Kada ki yanke komai sai kin ji daga gare ni.

Mijinki,
Gerrit.

Lauterstetten,
Yuli, 1997.

Zuwa ga Frauke,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, Insa tana lafiya, Mama ma tana lafiya. Ni ma da sauƙi.

Ranar Talata na taho. Ban faɗa miki ba, don so na yi ki buɗe ƙofa kawai ki gan ni. Na haɗa jakata, na mayar wa Iya Haberle makulli, na hau jirgin safe. Duk hanya ina shirya abin da zan ce miki, da abin da zan ce wa Malam Tammo. A Münster na sauka don in canza zuwa na Emden. Jirgin ya zo a kan lokaci. Ya tsaya daidai gabana, ƙofa ta buɗe, mutane suka shiga, wata mata har ta matsa mini hanya. Frauke, ƙafar nan tawa da ba ta taɓa ƙin tafiya ba, ranar ta ƙi.

A tsayen nan na ga komai. Na ga na iso, kin yi murna, Insa ta yi tsalle. Na ga wata ɗaya ina mutumin kirki. Sai na ga Asabar ta farko da za a fara gasa, wani yana sanye da lambata, ni kuma ina falonki ina kallonki kamar ke kika ƙwace mini. Da na zo miki da wannan fuskar in zauna da ita har mutuwa, gara ki tsane ni daga nesa. Ban ce na yi daidai ba. Ma'aikacin jirgi ya busa usur, ƙofa ta rufe, na bi shi da kallo har ya ɓace. Na zauna a kan jakata na yi kuka, mutane suna ratsa ni.

Na sa hannu a takardar Manaja Schaible ranar Laraba.

Da na dawo Iya Haberle ta buɗe ƙofa ta gan ni da jaka. Na jira baƙar magana, sai ta miƙo mini makullin kawai. Na ce mata kicin ɗin Malam Eugen yana nan? Ta ce yana nan. Lotfi bai riga ya tafi ba, shi ya taya ni hawo da shi, kuma ko wasa ɗaya bai yi mini ba. Kafintan layinmu ya zo da zartonsa, ya gwada, ya mayar da zarton jaka. Ya shiga bangon cif, ba a yanke komai ba. Tsohuwar ta hawo da tukunya ɗaya da cokali ta ajiye, ta ce, "Ka dawo mini da su in ka sayi naka," ta juya da sauri.

Jiya na kunna wuta na dafa shayi.

Kicin ɗinki ya zauna inda Baba ya kafa shi, ba zan ƙara roƙonki ki kwance shi ba. Duk abin da kika ga ya dace a yi game da mu, ki rubuto, zan sa hannu ba gardama. Gidan naki ne da Insa. Ni zan gaya mata da bakina, kada ki ɗauki wannan ma ke kaɗai.

Abu ɗaya nake roƙo. In kin yarda, ki bar ta ta zo mini hutun kaka. Zan zo har gida in ɗauke ta, in kuma mayar da ita da kaina. Yanzu akwai inda zan dafa mata abinci.

Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki zaman lafiyar da ban iya ba ki ba.

Gerrit,
baban Insa.